Koren Ɗigon da Ya Ƙi Mutuwa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Kiristi, wanda bai gaji da ni ba. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena na zumuntar mata, 'yan'uwana maza, salama a gare ku.

Sunana Istifanus. Mutumin Ganye ne ni, amma na daɗe a unguwar Demsawo da iyalina. Yawancinku kun san fuskata, ni ne mai zama can baya kusa da taga. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Na rubuta shaidar nan a takarda ne domin na san halina: in na tsaya da baki kawai, zan tsallake wurin da ya fi ba ni kunya. Yau ba na so in tsallake komai.

A shekarun da mutanen daji suka tsananta, lokacin da Jimeta ta cika da masu gudun hijira har a harabar cocin nan ana shimfiɗa tabarmi, ina aiki a garejin manyan motoci na wani Alhaji. Ba zan faɗi sunansa ba. Motocinsa suna kai shinkafa da masara da gishiri da manja arewa, ta Gombi da Hong har Mubi. Ni ba direba ba ne, ba makanike ba ne. Aikina shi ne in rufe lodi da tamfol, in ja igiya in ɗaure, in tamfol ya yage in ɗinke. Shi ke nan. Mai igiya ake ce mini.

Alhaji mutum ne mai taka-tsantsan. Da hanya ta fara lalacewa, ya sa aka shafe sunan kamfani daga jikin motoci, aka yi musu fenti iri ɗaya, aka sa musu koren tamfol irin na kowa, yadda in sun shiga cikin jerin motocin wasu ba za ka bambanta su ba. Ranar tafiya ba a rubuta ta a allo. Shi da kansa yake kiran direba gefe ya raɗa masa, kuma direba ba zai gaya wa ko matarsa ba. Wata rana ya tara mu duka ya ce, "Wanda ya ɗauki hoto a cikin garejin nan, ya kwashi takalminsa ya kama gabansa. Kun ji ni?"

Muka ce, "Mun ji, Alhaji."

Na fi kowa ɗaga murya. Wayata tana cikin aljihuna tana da ɗumi, domin minti biyar kafin nan na ɗauki hoto.

'Yan'uwa, ga zunubina. Ban sha giya ba, ban sha ƙwaya ba. Abin da ya kama ni shi ne waya. Ni mutum ne da ba a kallonsa sau biyu a titi. Amma da na sayi babbar waya na buɗe shafi a soshiyal midiya, sai na ga in na sa hoton lodin da na ɗaure, mutane suna danna laik, suna rubuta, "Injiniyan tamfol! Aikinka na kyau!" Wannan yabon ya shiga jinina. Ina tashi da shi, ina cin abinci da shi. A cocin nan, can baya kusa da taga, Baba Fasto yana wa'azi ni kuwa kaina yana ƙasa ina duba wa ya yaba mini. Matata Rahila takan ce, "Baban Godiya, tuwon ya huce fa." Sai in ce mata ina zuwa. Ina zaune gabanta, amma ba na nan.

A cikin masu yabon akwai wata mai suna Salomi 'yar Mubi. Ban taɓa ganin fuskarta ba, hoton fure ne a shafinta. Duk abin da na sa, ita ce ta farko. Daga baya ta fara yi mini magana ta sirri. Ta ce ita ma mai bi ce, ta ce tana yi mini addu'a, ta ce maza masu aiki da hannunsu sun yi ƙaranci. Ni da aurena, da 'yata, ina karanta wannan ina murmushi ni kaɗai kamar wawa. Ubangiji ya gafarta mini!

To, akwai wani direba a wurinmu, Malam Bakari, Bafulatanin unguwar Alkalawa. Ya girme ni sosai, Bappa nake ce masa. Shi kuma Fasto yake kirana, domin kafin in ja igiyar ƙarshe nakan yi gajeriyar addu'a. Yakan tsaya ya jira in gama, ya ce, "Amin, Fasto. Ka yi taka, na yi tawa, mota ta samu biyu." In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin ƙofa yake gaishe ni da odar mota: gajeru uku, doguwa ɗaya. Duk garejin an san wannan odar tawa ce.

'Yarsa ta saya masa babbar waya, amma shi bai iya rubutun boko ba. Ni na dame shi sai da ya yarda na buɗe masa shafi.

Ya ce, "Fasto, wannan abin naku amfanin shi mene ne?"

Na ce, "Bappa, duniya za ta san ka."

Ya ce, "Duniya ta san ni ta ba ni me? Ni hanyar Mubi ta san ni, ya ishe ni."

Duk da haka ya miƙo mini wayar. Ni na ɗauke shi hoto, ni na zaɓa masa lambar sirri, ni na haɗa shi da 'yarsa da ni kaina a shafin. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. In yana da magana, sai ya danna ya yi ta da murya, ya fara da gaisuwar Fulani, "Jam na, Fasto?" Ku riƙe wannan, za ku ga dalili.

Wata rana reshen itace ya keta tamfol ɗin motarsa ta sama. Na nemi koren ƙyalle ban samu ba, sai na yanko wani ja daga tsohuwar rumfar biki, faɗinsa kamar buhu, na yi faci. Na zauna a kansa yini guda. Ɗinkin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Bappa ya zo ya duba ya kama haɓa.

"Kai Fasto! Ka sa wa motata jan-baki kamar amarya."

Aka yi ta dariya. Ni kuwa zuciyata ta kumbura. Da la'asar aka ce in ɗaure motarsa. Duk mai igiya ya san ma'anar wannan: motar da aka ɗaure yau, gobe da sassafe za ta tashi. Alhaji ya rufe bakin direbobi, amma mai igiya ba ya bukatar a raɗa masa komai.

Na hau saman wata mota na ɗauki hoton facin nan ja, Bappa yana tsaye a ƙasa. Ya ɗago kai ya gan ni, ya ce, "Kai, Alhaji ya hana fa."

Na ce, "Bappa, ba suna, ba lamba. Wa zai gane?"

Na sa hoton. Na rubuta, "Aikin hannuna. Gobe sai arewa. Allah ya tsare Bappa." Kafin in sauko, Salomi ta yi magana. Ta ce, "Kai, ka iya! Da safe ne ko da rana? Mamata tana ƙauye, suna jiran abinci ya shigo kasuwa." Na amsa mata, "Da sassafe, 'yar kyakkyawa."

Kalma huɗu. Da wannan yatsan da nake nuna muku.

Washegari kafin azahar labari ya iso. Motoci biyar ne suka tafi a jere, na mutane daban-daban. Direban da yake baya shi ya dawo ya ba da labari. Ya ce mutanen suna tsaye a bakin daji da bindigogi. Ta farko ta wuce, ba su motsa ba. Ta biyu ta wuce, ba su motsa ba. Da mai jan faci ta iso sai suka fito. Suka ɗaga wa sauran hannu su wuce, suka karkatar da ita cikin daji, da kayan, da Malam Bakari.

Ya ce, "Wallahi kamar sun san ta. Kamar jiranta suke."

Na shiga bayi na goge hoton. Na nemi shafin Salomi, babu shi. Ba fure, ba suna, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Alhaji ya tara mu da yamma. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wani ya yi magana. Wane ne?" Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ɗora hannu a ƙirji na ce, "Alhaji, Allah yana gani, ban gaya wa kowa komai ba." Na kira sunan Allah a kan ƙarya, 'yan'uwa. Kuma ya yarda da ni, domin kowa ya san ni da Bappa.

Kwana uku shiru.

Rana ta huɗu ina zaune gindin dogon-yaro a bayan gareji, na sayi shinkafa da wake. Tsakar rana ce, irin zafin Yola da ke sa kwalta ta yi laushi. Ladanin masallacin da ke kusa da mu ya fara kiran azahar. Na zaro waya, domin har a lokacin ban daina ba. Masu waya kun san wani ɗan koren ɗigo da yake kamawa kusa da hoton mutum in yana kan layi. Na duba, sai ga shi ya kama kusa da hoton Malam Bakari. Hoton da ni na ɗauka, yana murmushi da hularsa a karkace.

Na miƙe tsaye, shinkafar ta zube. Na ce Bappa yana raye! Sai saƙo ya shigo.

"Fasto, sannu da aiki."

A rubuce.

Bappa bai iya rubutu ba. Wani ne yake riƙe da wayarsa, ya saurari tsofaffin saƙonninsa, ya ji sunan da yake kirana da shi.

Sai saƙon murya ya biyo. Na kara a kunne. Ba muryar mutum. Iska ce take kaɗawa cikin ciyawa, da kukan kurciya can nesa. Na yi ta saurare. Har zan cire daga kunne sai na ji oda. Gajeru uku, doguwa ɗaya.

Har yau ban san hannun wa ya danna ta ba. Ko shi ne aka sa shi, ko ya gaya musu, ko shi ne ya samu dama ya gaishe ni gaisuwar ƙarshe. Ban sani ba.

Sannan hoto ya shigo. Jan facin nan ne. An yanke shi daga tamfol, an bi gefen ɗinkina a hankali ba a taɓa zare ko ɗaya ba, an shimfiɗa shi a ƙasa an danne kusurwa huɗu da duwatsu.

Tun daga ranar, kullum da kiran azahar ɗigon yake kamawa. Wata rana ba saƙo, ba komai. Ya kama kawai, ya tsaya yana kallona, bayan an idar da salla ya mutu. Na yi ƙoƙarin barin wayar a gida, na kasa. In azahar ta kusa sai hannuna ya tafi aljihu da kansa. Na fara jin odar nan a inda ba mota. Na ji ta a cikin kasuwa wajen masu kifi, na waiga, sai masu Keke. Na ji ta a kan gada ina tafiya, gajeru uku, doguwa ɗaya, a bayana dab da kunnena, na waiga, hanya fayau, sai ruwan Binuwai yana tafiya a ƙasa. Abinci ya koma ɗanɗanon roba a bakina. Rahila ta shanya jan zanenta a igiya, na shigo gida na gan shi yana kaɗawa, na tsuguna a bakin ƙofa na yi amai.

Ta ce, "Baban Godiya, mu je asibiti."

Na ce zazzaɓi ne.

Ta dube ni ta ce, "Zazzaɓin da yake zuwa da azahar kawai?"



A mako na biyu, ranar Laraba, suka faɗi abin da suke so. Saƙon ya ce, "Wace mota ce ta gaba, kuma yaushe? In ka faɗa, tsohon zai dawo gida. In ka ƙi, Alhaji zai ga hotonka da hirarka da Salomi. Muna da su."

A safiyar wannan Larabar aka ce in ɗaure motar Danjuma. Danjuma namu na cocin nan, ga shi can kusa da mawaƙa, ya ba ni izini in ambaci sunansa. Na ɗaure ta da hannuna. Na san Alhamis da sassafe zai tashi.

Ku ji yadda Shaiɗan yake magana. Ba ya ihu. A hankali ya ce mini, "Ai kaya suke so, ba mutum ba. Za su bar Danjuma ya gudu. Bappa zai dawo wurin iyalinsa, asirinka ya rufu, aikinka ya tsaya. Taimako ma za ka yi." Na zauna gindin dogon-yaron nan na rubuta amsar. Na rubuta ranar, na rubuta lokacin, na rubuta alamar da za su gane motar da ita. Saura in danna kawai. Yatsana yana sama da wurin.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Danjuma ne.

"Mai igiya, tashi. Yau Laraba, zumuntar maza. Rabonka da zuwa tun yaushe? Arne kawai!"

Yana dariya ya ja ni muka shiga Keke. Na tura wayar aljihu da rubutun a kanta, ban aika ba, ban goge ba.

Mun taru a ƙaramin ɗakin nan na bayan coci da ƙarfe huɗu, ba mu fi goma sha biyu ba. Da aka zo roƙon addu'a, Danjuma ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, ina da tafiya. Ba zan faɗi rana ba, ba zan faɗi wuri ba, mai gidanmu ya hana. Ku dai sa ni a addu'a." A cikin gidan Allah, a gaban 'yan'uwansa, mutumin nan ya riƙe amana. Ni kuwa ranar da wurin suna cikin aljihuna.

Muka yi da'ira muka riƙe hannun juna. Hannunsa yana cikin hannuna na dama. Muka rufe ido. Sai wayar ta fara rawa a jikin cinyata. Ba lokacinsu ba ne, azahar ta wuce tuni, amma ga ta tana rawa. Ta tsaya. Ta sake. Ta tsaya. Ta sake.

Da layi ya zo kan Danjuma, bai fara da kansa ba. Ya ce, "Ya Uba, ka albarkaci hannun ɗan'uwana Istifanus. Mukan hau hanya da kwanciyar rai domin igiyarsa ba ta taɓa kwancewa ba. Ka ta'azantar da shi a kan Bappansa, mun ga yadda ya rame."

Ya matse hannuna.

'Yan'uwa, sai na zube a kan siminti. Ban san addu'a mai tsari ba a wannan lokacin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yesu, riƙe yatsana! Yesu, riƙe yatsana, zan kashe shi!" Ina ta maimaitawa ina kuka kamar jariri. Na ji kamar an ɗaure ƙirjina da igiyata tun kwana goma sha biyu, kuma wani ya zo ya sa wuƙa ya yanke. Bakina ya buɗe. Na faɗi duka: hoton, facin, Salomi, rantsuwar ƙarya, ɗigon, da rubutun da ke aljihuna.

Halleluya! Ya riƙe yatsan!

Danjuma ya zare hannunsa ya fita waje. Ban ga laifinsa ba. Baba Fasto ya ce in miƙo wayar. Ya karanta abin da na rubuta, ya dube ni, ya naɗe ta cikin hankicinsa kamar wanda ya kama kunama. Ya ce, "Allah ya ji ka. Yanzu saura mutanen da ka cuta su ji ka. Tashi, rana ba ta faɗi ba."

Muna fita muka tarar da Danjuma ya tare Keke yana jiranmu. Bai kalle ni ba, amma ya matsa ya ba ni wuri.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe yana zaune a kan darduma a ƙofar ofis. Na zaci zai mare ni. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na shafe suna, na shafe fenti, na ɗinke bakin direbobi. Ban taɓa tuna cewa mai igiya yana da ido da waya ba." Ya juya ga yaransa ya ce motar Danjuma ba za ta tashi ba, a sauke lodin. Ya kira jami'an tsaro ya ba su wayar. Ni kuma ya ce, "Ka tuna abin da na faɗa a kan takalmi?"

Na ce, "Na tuna, Alhaji."

Na yi kwanaki a hannun jami'ai suna yi mini tambayoyi. A ƙarshe suka gane ni ba ɗan leƙen asiri ba ne, wawa ne kawai mai son yabo. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini ko da na aika, ba za su saki tsohon ba, sai dai su nemi mota ta uku. Na yarda da shi. Amma ba zan ɓoye muku ba, tambayar tana nan tare da ni.

Rahila ta zo ɗaukata. Ta riga ta ji komai, har da "'yar kyakkyawa". Da muka isa gida ta ajiye mini abinci ta ce, "Ci tun da zafi. Yau ba abin da zai hana ka." Wannan maganar ta fi mari ciwo, kuma ta fi magani warkarwa.

Saura wuri ɗaya. Alhaji ya aiko cewa ba shi na fi yi wa laifi ba. Bayan jami'ai sun ce sun gama da shafin Bappa, muka tafi Alkalawa, ni da Rahila da Baba Fasto, wurin matar Malam Bakari. Adda Hauwa ake ce mata. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ita tana zaune a bakin ɗaki, 'yarsu Aisatu tana gefenta da waya a hannu.

Kafin in buɗe baki ta ce, "Kai ne Fasto? Malam yana yawan zancenka. Useko, na gode da ka buɗe masa abin nan. Kullum da azahar Aisatu tana kawo mini mu duba. In koren ya kama sai in ce, to, Malam ya yi salla, ya tuna da mu. Shi ne yake riƙe da ni."

Ya Ubangiji! Abin da yake kashe ni kullum, shi ne yake raya ta.

Na so in gudu. Rahila ta ɗora hannu a bayana. Na sunkuyar da kai na gaya mata komai. Na gaya mata ni na nuna musu motar. Na gaya mata ba Malam ne yake kunna ɗigon ba, waɗanda suka ɗauke shi ne.

Ba ta yi kuka ba. Ba ta zage ni ba. Muna nan zaune sai ladanin unguwa ya ɗaga murya. Azahar. Aisatu ta dubi hannunta, ta ajiye wayar a kan tabarma a tsakiyarmu kamar ta ƙone ta.

Ɗigon ya kama.

Mu biyar muna kallonsa, da rana tsaka. Hoton Bappa da hularsa a karkace, da koren nan kusa da shi.

Adda Hauwa ta ce, "Ka ce kai ka kunna masa?"

Na ce, "Ni ne, Adda."

"Mabuɗin yana hannunka?"

"Yana kaina."

Ta ce, "To kashe. Ba na so su ƙara sa fuskar mijina."

Na ɗauki wayar Aisatu. Sau uku ina kuskuren lambar sirrin. Baba Fasto yana addu'a ƙasa-ƙasa, Adda tana jan carbinta. Na shiga, na canza lambar, na rufe shafin gaba ɗaya. Aisatu ta karɓa ta duba. Ba hoto, ba ɗigo.

A lokacin ne Adda Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta ce, "Yanzu zan iya yi masa kuka." Rahila ta tashi ta je ta riƙe ta.

Malam Bakari bai dawo ba. Ba zan ƙawata muku labari ba. Adda ba ta ce ta yafe mini ba, kuma ban da bakin tambaya. Shekara biyu ina gaishe ta a hanya tana wucewa. Yanzu tana amsawa. Amma tun daga wannan azahar ɗin ban sake jin odar nan ba, ko sau ɗaya. Kuma Danjuma yana nan da ransa, ya aurar da 'yarsa bara. Ku yabi Ubangiji!

Na yi shekara uku ina ɗinkin buhu a kasuwa. Sai Alhaji ya aiko a kira ni. Ya nuna mini wani kwando a bakin ƙofar gareji ya ce, "Wannan ne aikinka." Yanzu duk mai shiga, daga manaja har mai shara, har 'ya'yan Alhaji, sai ya ajiye wayarsa a kwandon nan. Duk tamfol ɗin da ya yage, da ƙyalle irinsa ake yi masa faci, in babu a saya sabo. Kuma duk sabon ma'aikaci, kafin ya taɓa komai, sai ya zauna da ni gindin dogon-yaro in ba shi wannan labarin. Alhaji ya ce doka ya kafa mana a da, amma bai taɓa gaya mana dalilinta ba. Wasu samarin sukan fara da dariya, su ce, "Baba, hoto ne fa kawai." Ba sa gamawa da dariya.

'Yan'uwana, wasunku a asibiti kuke aiki, wasu a makaranta, wasu a shago ko ofis. An ba ku amanar abin da ba naku ba. Kafin ku sa hoton wurin aiki, ku tambayi kanku wa yake kallo, domin ni ma masoya na zaci nake da su. Wanda ba ku taɓa ganin fuskarsa ba, in ya fara tambayar yaushe da ina, ku kai wa shugabanku. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, ku zaunar da su ku faɗa musu dalili, kada ku manta da na can ƙasa mai igiya.

In kuma akwai wani a nan da ya riga ya yi tasa ɓarnar, yana zaune da ita a aljihu tana rawa, ina roƙonka kada ka jira. Faɗin gaskiya ya cinye mini aiki da suna, amma ya bar mini Danjuma, ya bar mini raina. Yesun da ya riƙe yatsana zai riƙe naka. Ka dogara gare shi, ka buɗe baki yau.

Ga wayata yanzu, 'yar ƙarama mai madannai, kira kawai take yi. Kullum in ladani ya kira azahar nakan ajiye kwando in yi wa Adda Hauwa da Aisatu addu'a. Sannan in taɓa aljihuna.

Shiru.

Na gode wa Allah. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.